Kawo batirin litiyam daga Chana da tura shi Jos: ina doka ta tsaya?

Sola Gwarinpa:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar jigila.

Ina da shagon kayan sola a Gwarinpa, Abuja. Ina shirin yin odar batirin inbata na litiyam guda 20 daga birnin Gwanzu na Chana, irin mai 51.2V 100Ah ɗin nan, da kuma fawabank 200 masu 20,000mAh. Ejan na farko da aka haɗa ni da shi ya ce cikin kwana goma zai sauke min su a Abuja ta jirgin sama, amma a takarda za a rubuta "kayan gyaran lantarki", wai in aka ambaci batir kuɗin zai ninka kuma za a yi ta jan ƙafa. Na biyu kuma ya ce shi ko kusa ba zai taɓa ba, sai dai ta ruwa zuwa Legas. To wa ke kan daidai a cikinsu?

Sai tambaya ta biyu. Idan kayan sun iso, guda shida na wani mai haɗa sola ne a Jos. Zan iya ba da su webil a tashar Jabi kamar sauran kaya, ko akwai abin da ya kamata in kiyaye?

Ta uku ita ta fi damu na. Wani kwastoma a Bukuru ya kira ya ce batirin da ya saya bara ya fara kumbura ta gefe, kuma yana jin wani irin wari a ɗakin. Yana so ya saka shi a but ɗin Sharon ya aiko min in duba. Na ce ya dakata tukuna. Allah ya saka da alheri.

Baban Kargo:

Wa alaikumus salam. Alhaji, ka rabu da ejan na farko tun kafin ka tura masa ko sisi. Abin da yake kira dabara shi ne ɓoye kaya mai haɗari, kuma sunanka ne zai zauna a takarda a matsayin mai kaya.

Batirin litiyam yana cikin aji na 9 na kayan haɗari a tsarin Majalisar Ɗinkin Duniya. Hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ita ke fitar da ƙa'idojin ɗaukarsa, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, kuma ta tattara su a littafinta da ake sabuntawa duk shekara, a nan gida hukumar jiragen saman Najeriya, NCAA, ce ke sa ido. Abu na farko da ake tambaya shi ne lambar kayan. Batir mai caji da ke tafiya shi kaɗai lambarsa UN3480. Idan yana cikin na'ura, kamar waya ko laftof, ko an haɗa shi a kwali ɗaya da na'urar da zai yi wa aiki, UN3481 ne. Wanda ba a cajinsa, irin na agogo da makullin mota, UN3090 ne ko UN3091. Naka duka biyun UN3480 ne. Fawabank ma haka, duk da wasu ejan na son cusa shi cikin na'urori don su sami sauƙi. A ƙa'ida fawabank batir ne da aka yi wa riga, ba wani abu ba.

Tun 1 ga Afrilu 2016 aka haramta ɗaukar UN3480 a matsayin kargo a jirgin fasinja. Sai jirgin da kaya zalla yake ɗauka, kuma cajin batirin kada ya haura kashi 30 cikin 100. Ba haka kawai aka tashi da safe aka sa dokar ba. A watan Satumba 2010 wani jirgin kaya na UPS ƙirar Boeing 747 ya kama da wuta jim kaɗan bayan tashinsa daga Dubai, hayaƙi ya cika ɗakin tuƙi, ya faɗi, matuƙansa biyu suka rasu, kuma binciken ya nuna wutar ta tashi ne daga inda aka jibge kaya masu batirin litiyam. Na'urar kashe wuta da ke cikin rumbun jirgi tana iya danne harshen wuta, amma ba ta hana batir ɗaya kunna na kusa da shi.

Abu na biyu shi ne ƙarfin batirin a wat-awa, wato Wh. Lissafin mai sauƙi ne: bolt sau Ah. Batirin inbatarka 51.2 sau 100, ya ba da 5,120Wh. Iyakar da ake ɗaukar batir a matsayin ƙarami ita ce 100Wh, ƙwaya ɗaya daga cikin ƙananan baturan da ake harhaɗawa a cikinsa kuma 20Wh. Ka ga naka ya ninka iyakar sau hamsin da ɗoriya. Ga kuma nauyi: a jirgin kaya kwali ɗaya ba ya ɗaukar fiye da kilo 35 na batir, naka kuwa kowanne yana tsakanin kilo 45 da 50. Wanda ya haura 35 sai da izini na musamman daga hukumar jiragen saman ƙasar da kayan za su taso. Babu wanda zai je neman wannan izini saboda batir 20. Saboda haka duk wanda ya ce zai kawo maka su ta sama cikin kwana goma, ɓoye su zai yi. Idan na'urar duba kaya ta gano su, za a ƙwace, a ci tara, kuma inshora ba ta biyan kayan da aka yi ƙarya a kansu. Idan kuma ba a gano ba, to ka ɗora tan guda na batir a ƙarƙashin kujerun mutanen da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba.

Fawabank ɗin kam suna iya zuwa ta sama bisa ƙa'ida. Ƙwayar da ke ciki 3.7V ce, don haka 20,000mAh ya zama 74Wh, ƙasa da 100. Ana shirya su ƙarƙashin umarnin shiryawa mai lamba 965, sashen IB: kowane kwali kada batirin ciki ya wuce kilo 10, wato wajen guda ashirin a kwali, kwali goma ke nan ko fiye kaɗan. Kwalin ya zama wanda zai jure faɗuwa daga tsayin mita 1.2 ba tare da na ciki sun motsa ko sun taɓa juna ba. A jikinsa alamomi uku: ta aji na 9 mai baƙaƙen layuka da hoton batir, alamar batir mai jan gefe ɗauke da UN3480, da ta ruwan lemo mai nuna jirgin kaya kaɗai. Sai takardar shelar kayan haɗari, wadda sai mai horo ke sa mata hannu, horon kuma duk wata 24 ake sabunta shi. Da can akwai wani sashe na II da ke barin mutum ya tura 'yan ƙwaya kaɗan ba tare da wannan takarda ba, an soke shi a 2022. Ejan da har yanzu yake ambatarsa bai buɗe littafi ba shekara da shekaru.

Shawarata dai ka haɗa duka ta ruwa. A teku dokar ɗaukar kayan haɗari a jirgin ruwa, IMDG, ce ke aiki, kuma ta fi sassauci ga manyan batura: wanda ya kai kilo 12 kuma yana da gangar jiki mai ƙarfi ana iya saka shi a akwatin katako ko a ɗaure shi kan falet, wato shimfiɗar katakon ɗora kaya. Amma dole a yi bukin ɗinsa a matsayin kayan haɗari tun farko, domin kamfanin jirgi ya san inda zai ajiye kwantenar, nesa da wuraren zafi. Ba kowane mai haɗa kayan mutane da yawa a kwantena ɗaya ke karɓar aji na 9 ba, ka tambaya ƙarara. Ka ware wata biyu tsakanin lodi da fitowa daga tashar jiragen ruwa ta Apapa ko Tinkan a Legas.

Kafin ka biya kuɗin kaya, ka nemi masana'anta ta turo maka taƙaitaccen rahoton gwajin UN 38.3. Gwaji takwas ne: ƙarancin iska irin na sama, zafi da sanyi, jijjiga, bugu, haɗa kawunan batir daga waje, matsewa, cajin da ya wuce kima, da zuƙe caji da ƙarfi. Tun Janairu 2020 wajibi ne masana'anta da dillali su ba da wannan rahoto ga duk wanda ya nema. Ka duba lambar samfurin da ke rahoton ta yi daidai da wadda ke jikin batirin, domin nan ake yawan yin algus, a ba ka rahoton wani samfuri daban. Sai takardar bayanin sinadarai, wadda 'yan kargo ke kira MSDS. A ɓangarenmu kuma Fom M, takardar shigo da kaya, a bankinka kafin a yi lodi, satifiket ɗin ingancin kaya na SONCAP, sannan PAAR, takardar kimanta kaya, daga kwastam.

Injiniya Dilimi:

Baban Kargo ya gama da sama da ruwa, Allah ya ƙara sani. Bari in ɗauki hanyar Jos, da ɗan ƙarin bayani kan maganar kashi 30, don mutane suna auna shi ba daidai ba.

Batirin Alhaji nau'in litiyam ne da ake kira LiFePO4, ƙwaya 16 a jere, kowacce 3.2V. Halin wannan sinadari shi ne bolt ɗinsa kusan ba ya motsi tsakanin kashi 20 da kashi 80. Ka sa mita ka ga 52V da ɗan wani abu, yana iya zama kashi 30, yana iya zama 70. Don haka mita ba ta isa shaida. A duba allon jikin batirin ko fitilun BMS, wato kwamfutar da ke kula da ƙwayoyin. In ana son tabbaci, a cika shi fal, sannan a ja 70Ah daga cikin 100 ta hanyar inbata, a tsaya. A mota ba wanda zai tare ka ya ce sai kashi 30, amma hikimar ɗaya ce: batir mai ƙarancin caji ko ya sami matsala zafin da zai fitar kaɗan ne, kuma da wuya ya kunna maƙwabcinsa. Kada kuma a wuce gona da iri a zuƙe shi zuwa sifili. BMS tana shan wuta kaɗan-kaɗan ko batirin na ajiye, bayan wata biyu a teku da wasu watanni a sito ƙwaya tana iya faɗuwa ƙasa da 2.5V. In ta yi nisa ƙasa da haka, tagullar da ke ciki ta fara narkewa, ranar da aka sake caji sai ta tsiro kamar ƙaya ta huda tsakani. Kashi 30 zuwa 50 shi ne wurin zama, kuma duk wata uku a leƙa.

Game da tashar Jabi: motar fasinja ba wurin batir shida ba ce. Kusan kilo 300 ke nan. A Sharon ko homa za a tura su ƙarƙashin kujerar baya, a ɗora buhun shinkafa da akwatin ƙarfe a kai, wataƙila ga jarkar fetur ta direba a gefe, ga tukunyar gas ta wata fasinja. Yaran tasha kuwa jifa suke yi ba ajiyewa ba. Ka ɗauki shatar ƙaramar motar kaya mai rufi, ko ka ba kamfanin jigila da ya amince a rubuce cewa batirin litiyam ne, a rubuta hakan a webil da adadi da nauyi.

Shirin kuwa, kafin a rufe akwati a kashe birekar jikin batirin da makunnin BMS. A cire duk wata waya, kada a bar kebul yana lilo. Kawunan biyu, ja da baƙi, a mayar musu da hulunan robarsu, in sun ɓata a naɗe kowanne daban da baƙin tef na masu wayarin, ninki uku ko huɗu. Wannan shi ne wurin da aka fi sakaci, kuma shi ya fi saurin kawo gobara. Sifana ɗaya ko noti da ya gangaro ya kwanta tsakanin kawunan nan zai ja ɗaruruwan amfiya nan take, ƙarfen ya yi ja wur, kwali da soso su kama. Don haka jakar notuna da ƙarafan rataye batir a bango a ɗaure su a kwali daban, ba a watsa su cikin akwatin ba.

A bar shi a akwatin da ya zo da shi, da soson kusurwoyinsa. A bi kibiyar da ke jiki, domin kowace ƙwaya tana da ƙofar fitar da iska a samanta, masana'anta ta san ta inda ta ajiye ta. Kada a ɗora fiye da biyu a kan juna sai in akwatin ya nuna ya yarda. A shimfiɗa katako ko tsohuwar taya a ƙasa, a ɗaure da bel mai ƙugiya gaba da baya, ba da igiyar roba ba. Wanda ya san hanyar nan ya san dalili. Daga Keffi zuwa Akwanga lafiya lau, amma daga nan akwai ramuka, sai kuma Hawan Kibo, inda duk kayan da ba a ɗaure ba yake zamewa baya ya daki ƙofa, in direba ya taka birki kuma ya dawo gaba. Jijjiga irin wannan tana kwance notunan da suka haɗa ƙwayoyi a ciki. Noti mai sako-sako ba ya nuna kansa ranar da aka sauke, sai bayan mako biyu da aka ɗora masa firiza da famfon ruwa ya fara zafi.

Zafi ma abin lura ne. Akasarin takardun masana'anta suna cewa kada ajiya ta wuce digiri 45. Motar ƙarfe a rufe da ta yini a ranar Abuja cikin Maris tana wuce haka nesa. A yi lodi da asuba a kama hanya, kada a yi lodi da daddare a bar mota a tasha har azahar ana jiran ƙarin kaya. Kada a jingina akwati da wurin da injin ko salansa ke dumama ƙasan mota. Da damina kuma tamfol biyu, domin ruwan Filato ba ya sallama.

In sun isa, mai karɓa ya duba akwati kafin ya sa hannu: lotsewa, huda, jiƙa, wari. Ya bar su su huta 'yan awanni, ya kunna kowanne shi kaɗai, ya duba bolt ɗin ƙwayoyi 16 a allo. In ɗaya ta bambanta da sauran da fiye da 0.1V alhali batirin yana hutawa, a ware shi. Wanda ya faɗo daga mota, ko bai nuna komai ba, a ajiye shi waje ɗaya a sa masa ido kwana biyu kafin a kai shi gidan mutane.

Sola Gwarinpa:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ejan na farko dai na sallame shi. Amma ƙanina zai dawo daga Gwanzu wata mai zuwa, ya sauka a Abuja. Ba zai iya zubo fawabank ko hamsin a akwatinsa ba, mu rage kuɗin kargo?

Hajiya Wuse:

Haba Alhaji, wannan ai an gudu ba a tsira ba. Fawabank da duk wani batir da ba ya cikin na'ura ba ya shiga akwatin da ake aunawa a tura ƙarƙashin jirgi, ko guda ɗaya ne. Sai jakar hannu. Dalili shi ne in ya fara hayaƙi a cikin fasinjoji ma'aikata za su gani su zuba masa ruwa, a rumbun ƙasa kuwa ba mai gani. A Janairu 2025 wani jirgin Air Busan ya ƙone a filin jirgi a Koriya ta Kudu kafin ya tashi, wutar ta fara daga ma'ajiyar kaya ta saman kujeru, masu bincike suka danganta ta da fawabank. Daga nan kamfanoni da yawa suka ƙara tsanani, wasu sun hana amfani da shi ko cajinsa a cikin jirgi, wasu sun ce a riƙe shi kusa, kada a sa a sama.

A jakar hannu, wanda bai wuce 100Wh ba yana wucewa ba tare da neman izini ba. Daga 100 zuwa 160Wh sai kamfanin jirgi ya yarda, kuma biyu kacal. Sama da 160 ba ya hawa sam. In an mayar da shi lissafin da 'yan kasuwa suka saba: 20,000mAh 74Wh ne, 27,000 yana daf da 100, 30,000 ya zama 111 sai da izini, 50,000 ya zama 185, a bar shi a gida. Ƙa'idar IATA ta tsaya a batir 20 na ajiya ga mutum ɗaya, amma a kan fawabank an rage ƙasa da haka sosai. Sannan sassaucin na kayan amfanin kai ne. Hamsin iri ɗaya a kwalayensu kowa ya gani ya san haja ce.

Abu biyu da ƙaninka zai kiyaye ko da guda ɗaya zai riƙo. Rubutun ƙarfin ya fito sarai a jikin fawabank ɗin, wanda ya goge jami'an tsaro karɓewa suke yi ba gardama. Kuma tun ƙarshen Yuni 2025 Chana ta hana hawa jiragenta na cikin gida da fawabank da ba shi da tambarin ingancin kaya na Chana, CCC, don haka in zai haɗa da jirgin cikin gida kafin ya kamo na waje, ya duba tambarin.

Ƙari a kan maganar Baban Kargo ga masu kawo fanka mai caji, fitila da rediyo: daga Janairu 2026 batirin da aka haɗo a kwali ɗaya da na'ura amma ba a cikinta ba, shi ma an sa masa sharaɗin kashi 30 a jirgin sama. Kuma in kayan sun iso ka ɗora fawabank ɗaya a sikeli. Na gaskiya mai 20,000mAh yana kai wajen giram 400. Wanda aka rubuta wa 50,000 amma nauyinsa kamar fankon ashana, rubutun ƙarya ne, rahoton gwajinsa ma kada ka yarda da shi.

Malam na Bukuru:

Tambaya ta uku ce ba a taɓa ba, kuma ita ce ta gaggawa. Alhaji, ka kira mutumin nan yau, ba gobe ba.

Sai an bambance abu biyu. Akwai batirin da ya ƙi aiki kawai: ba ya kunnuwa, ko yana yanke wuta, ko ba ya magana da inbata. Yawanci BMS ce ko fis, ƙwayoyin lafiyarsu ƙalau, ana iya ɗaukarsa kamar yadda Injiniya ya bayyana, ko ma a aiko da sabuwar BMS a canza a nan Jos a huta da jigila. Akwai kuma wanda ya kumbura, ko yake yoyo, ko yake wari, ko yake ɗumi alhali ba a caji ba a ja. Wannan a dokar jirgin sama haramun ne gaba ɗaya, ko jirgin kaya ba ya ɗauka, a dokokin mota da na ruwa na ƙasashen waje kuma shiri na musamman ake yi masa. Na kwastomanka ya haɗa biyu, kumburi da wari. Warin nan mai ɗan zaƙi-zaƙi kamar na man goge farce ruwan cikin ƙwaya ne, ma'ana wata ta riga ta buɗe. Tururinsa yana kama wuta.

Abin da ke faruwa a ciki shi ne, tsakanin ɓangarori biyu na ƙwaya akwai wata 'yar leda siririya. In zafi ya kai wajen digiri 130 sai ta fara narkewa, ɓangarorin su haɗu, zafi ya ƙaru, ya haifi wani zafin, har abin ya fi ƙarfin tsayarwa ya tsallaka ƙwaya ta gaba. Gaskiya ne LiFePO4 ya fi irin na waya da laftof haƙuri, ba ya saurin tashi da harshen wuta. Amma yana fitar da farin hayaƙi mai yawa, a ciki akwai haidurojin da iskar da ke kashe masu kwana da janareta, da wata mai ƙona huhu. A rufaffen ɗaki ko but ɗin mota hayaƙin yana taruwa, tartsatsi ɗaya ya ishe shi fashewa. To ka auna wannan da mutum bakwai a Sharon, gilashi a rufe saboda sanyin Riyom.

Ya kashe cajin sola da na NEPA, ya kashe inbata, sannan birekar batirin. Ya buɗe tagogi, yara su bar ɗakin. In jikin batirin da sanyi kuma ba ya huci, mutum biyu da safar hannu su cire wayoyi, baƙa tukuna, su naɗe kawunan, su fitar da shi a tsaye ba tare da girgizawa ba. A ajiye shi a fili kan siminti ko yashi, aƙalla mita biyar daga gini, mota da janareta, a yi masa rumfar kwano saboda rana da ruwa. In kuwa yana da zafi, ko yana ƙara kamar tsaki, ko hayaƙi ya fara, kada kowa ya taɓa, a fita a kira 'yan kwana-kwana a gaya musu batirin litiyam ne.

Kada a huda shi wai a sace iskar, kada a danne kumburin a ce zai koma daidai, kada a gwada caji "a gani ko zai tashi". Masu cewa a jiƙa shi a ruwan gishiri ya mutu, wannan ba na batir mai 51V ba ne: gishirin yana cinye kawunan kafin cajin ya ƙare, ga iska mai guba, a ƙarshe ka sami batir mai caji da ba ka da inda za ka auna shi.

In wuta ta kama, tukunyar kashe gobara ta hoda tana kashe harshen da abin da ke kewaye, amma ba ta sanyaya cikin. Ruwa ne maganinsa, mai yawa, daga nesa, ta ɓangaren da iska ke busowa, bayan an tabbatar an raba shi da wutar gida. Bokiti ɗaya ba ya yin komai. Kuma yana iya sake tashi bayan awanni, har washegari, don haka ba a mayar da shi ɗaki don an ga ya lafa.

Maganar garanti kuwa ba ta buƙatar gawar batirin ta je Abuja. A ɗauki hoton lambar jikinsa da kumburin, mai gyara ya zo da laftof ya sauke tarihin BMS in tana kunnuwa, a nan za a ga ko caji ya wuce 3.65V a wata ƙwaya, ko an saita inbata a kan tsarin batirin ruwa, wanda shi ne ya fi yawan kumbura su a garin nan. Masana'anta da wannan take aiki. In ya zama dole a ɗauke shi, sai bayan ya yi kwanaki a waje ba zafi, a saka shi a durom na ƙarfe, busasshen yashi a ƙasa da kewaye, murfi a ɗora ba a ɗaure ba don iska ta sami mafita, a buɗaɗɗiyar mota, ba fasinja, ba wani kaya. Kuma kada a sayar wa 'yan gwangwan, guduma za su sa masa.

Injiniya Dilimi:

Haka ne Malam. Gyara ɗaya kawai: kafin a cire wayoyin a duba ko batirin yana haɗe da wasu a jere ɗaya. In biyu ne ko uku a layi, kashe birekar mai kumburin kaɗai ba ya kashe wayar, sauran suna ba ta wuta. A kashe duka, a sa mita a tabbatar sifili, sannan a kawo sifana, ita ma a naɗe hannunta da tef.